Geron Asabe a Mujallar Turawa

Ran Talata, sha huɗu ga Oktoba na 1980, mujallar ta iso Kaura Namoda, aikin matata na shekara biyar a cikinta, sunan wani a kansa.

Labbo, ma'aikacin gidan waya, shi ya miƙo mini ita ta taga, cikin ambulan mai kan sarkin Ingila. "Malam Maccido, Turawanka sun tuna da kai," in ji shi. A nan tsaye na buɗe. Shafi ashirin da biyu a kan geron matan arewacin Zamfara, na wani Dakta Harlow. Na duba jadawalin farko, na ga lambobin da na sani sarai, don ni na buga su da yatsuna. Na naɗe mujallar na sa a aljihu, na hau keke. Minti biyar ne daga gidan waya zuwa gidana. Ranar sai da na bi ta tashar jirgi, na gangara bakin kogin Gagare, na tsaya ina kallon masu wanki kamar ban taɓa ganin an wanke zane ba.

Sai na koma baya, don wanda bai san Asabe ba ba zai gane abin da aka ɗauka ba.

Na aure ta shekara ɗaya bayan samun 'yancin kai. 'Yar Moriki ce, 'yar manomi, ta yi elementare zuwa aji huɗu. Ni kuwa malamin Turanci ne da labarin ƙasa a kwalejin horar da malamai, ina da akwati biyu cike da littattafai, kuma ban ɓoye wa kowa cewa na karanta su ba. Ita abincin gara take kiransu. Ban taɓa kiran sunanta a gabanta ba, haka muka taso muka ga iyayenmu da uwargidansu. 'Yar Moriki nake ce mata, ita kuma ta ce Malam. In ta ja kalmar ta yi tsawo, na san na yi wani abu.

A farin 1973 ta je Moriki gaishe da iyayenta, ta dawo da zangarniyar gero uku a ƙulle cikin mayafi. Gajeru ne, ba su kai kamu ɗaya ba. Ta ajiye su a kan littafin da nake karantawa.

"Malam, kai da ka karance duniya, gaya mini. Mi ya sa gandun Baba ya ƙone ƙurmus, gayaunar Inna ta yi gero? Ruwa guda, ƙasa guda, shinge kawai ke tsakani."

Na gyara zama na yi mata bayani na kusan rabin sa'a. Na kawo iskar teku, na kawo hamada, har taswira na zana mata a ƙasa. Ta saurara har ƙarshe tana tsince wake.

"To," ta ce. "Ba ka sani ba ke nan."

Ita ta gano. A ƙauyukansu, idan za a kai amarya, uwarta kan ƙulle mata damƙin irin gero cikin tsumma, ta cusa a ƙasan tukunya cikin kayan ɗaki. Wannan irin mace ke shukawa a 'yar gayaunarta, ta ware na baɗi, ta rataye a madafa hayaƙi ya kore ƙwari, har ita ma ta ƙulle wa tata 'yar. Maza sun daɗe da komawa dogon iri mai cika rumbu, wanda sai ya sha ruwan wata huɗu. Na mata gajere ne, ba ya burge kowa a kasuwa, amma wani a kwana sittin da biyar ya nuna. Da ruwa ya ɗauke da wuri, shi kaɗai ya tsira. Maza ba su san wannan ba, don ba su taɓa tambaya ba, su kuma mata ba su ɗauke shi abin faɗi ba.

Ta ce tana so ta san iri nawa ne. Na ɗauka kwana biyu za ta yi ta gaji. Shekara biyar ta yi.

Ran Alhamis ta hau akori-kura zuwa Shinkafi, wata rana Zurmi, wata rana Sakajiki, da ƙwaryar daddawa a kai don kada ta shiga gidan mutane hannu rabbana. Inda ni zan tsaya a zaure in yi ta sallama har murya ta dushe, ita sai ta ɗaga labule ta wuce. Ta yi barka, ta yi ta'aziyya, ta taya surfe, kafin ta fito an ƙulle mata iri an gaya mata daga wace kaka ya fito. Gida ɗari biyu da sha huɗu ta shiga. Ta samo iri talatin da ɗaya. Filin bayan gidanmu, inda na yi niyyar gina ɗakin karatu, ta mai da shi gona. Kowane layi da turkensa, kowane turke da ƙyallen tsohon zane. Ta ƙwace mini rula, ta kafa gwangwanin madara a kan katanga tana auna ruwan sama. Tana ƙirga kwana daga shuka zuwa fid da kai, daga fid da kai zuwa nuna, tana rubutawa a littattafan aikin ɗalibai da nake kawo mata. Goma sha tara ne, sha takwas na hannuna har yanzu. A gefen wani shafi ta rubuta: "Mero ta Zurmi ta ce kakarta ta zo da wanga iri daga Maraɗi a kan jaki. Mero na da ƙari a magana. A sake tambaya." Na karanta manyan masana da yawa waɗanda ba su taɓa rubuta wa kansu a sake tambaya ba.

Ni na kawo shawarar a buga. Akwai wata mujallar nazarin noma a Ingila da kwalejinmu ke karɓa, ba zan faɗi sunanta ba, ta isa da tallar da take yi wa kanta. Na ce wa Asabe aikin nan ya fi rabin abin da ke cikinta.

"Su Turawa gero suke ci?"

"Ba sa ci. Rubutu suke yi a kansa."

"Allah Sarki. To a taimaka musu."

Hutun damina na 1977 gaba ɗaya na yi shi a gaban tafiretar kwaleji. Da yamma in karanta mata abin da na rubuta, ina mayarwa Hausa, tana tsayar da ni. "Ba haka na ce ba. Na ce sau uku cikin huɗu. Kai ka ce kullum." In koma in gyara. Da na gama, na buga shafin farko da suna biyu, nata a sama, nawa a ƙasa. Ba ta jin Turanci, amma ta san sunanta. Ta ɗora yatsa a kansa, ta bi harafi bayan harafi, sannan ta goge yatsan a zane kamar shi zai ɓata takardar. Ranar dai kaza ta mutu a gidanmu, ba baƙo, ba Salla.

Washegari na kai takardun ɗakin malamai don in ɗinke su. Malam Sirajo, mai koyar da lissafi, ya leƙo ta kafaɗata.

"A'a! Malam Maccido, har da uwargida? Sunan iyalinka za ka sa a takarda, ƙattan duniya su riƙa karantawa suna maimaitawa?" Ya juya wajen sauran. "Jama'a, yau dai mun san wa ke riƙe da alli a gidan Malam."

Mutum huɗu ne a ɗakin. Suka yi dariya, ba ma mai yawa ba, suka koma kan shayinsu. Na tabbata kafin azahar sun manta. Ni kuwa na jira suka fita, na zare shafin farko, na sa sabuwar takarda a tafireta, na buga sunana shi kaɗai. A ƙarshen aikin na ƙara layi ɗaya na godiya ga iyalina. Na gaya wa kaina mutuncinta nake karewa, mace mai aure ba a yawo da sunanta. Dalilin ya yi kyau ƙwarai, har na kusa yarda da shi. Shafin mai suna biyu na kai gida, ta adana shi a ƙasan adudunta. Mai suna ɗaya ya tafi Ingila.

Bayan wata bakwai amsa ta zo, layi tara. Editan, wani farfesa, ya ce abin sha'awa ne a ga ɗan ƙasa yana kula da irin waɗannan abubuwa. Ya ce Turancina ya ba shi mamaki. Ya ce amma mujallarsu ba ta buga abin da ba wani ƙwararre ya sa ido a kansa ba, kuma tun da an san namiji ba ya shiga cikin gidajen Hausawa, to lambobin nan ji-ta-ji-ta ne, ba a iya dogara da su. Ya ba ni shawara in miƙa kaina ga wani masani, in zama mai taimaka masa.

Maganar shiga gida gaskiya ya faɗa, kuma ni na ba shi sandar da ya buge ni da ita. Na karanta wa Asabe wasiƙar, na tsallake wannan layin.

"Ya ce Turancinka ya yi kyau?"

"Ya ce."

"To ai ka samu naka. Zo ka riƙe mini rula."

Masanin bai jira na neme shi ba. Bayan girbin 1978 ya iso a Landiroba, da direba mai suna Amadu, da wasiƙar gabatarwa daga farfesan nan, wanda ashe malaminsa ne. Da zan iya cewa Dakta Harlow mugu ne da na ji daɗi. Ba mugu ba ne. Saurayi ne dogo, rana ta gasa masa wuya, yana cire takalmi kafin ya hau tabarma, yana shan fura da hannu biyu yana cewa madalla. Kwana goma sha ɗaya ya yi. Ya je Zurmi da Moriki da Shinkafi, ko'ina ya zauna a zaure tare da maigida, aka gaya masa gero gero ne. Ko bayan labule ɗaya bai gani ba. Shi ma namiji ne, amma wannan bai dami mujallar ba daga baya.

A zauren gidana ya samu abin da ya zo nema. Asabe na tsaye bayan ƙofa, yana tambaya, tana amsawa, ina tafinta. Idan ta ce "na auna", sai in ce masa "mun auna". Idan ta ce "na gano", in ce "an gano". Da ya ga littattafan goma sha tara, sai ya hau buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ya roƙi izinin ɗaukar hotonsu. Na shiga ciki na ce mata ban so ba.

"Baƙo ya taso tun daga bayan teku, ya roƙi abu a gidanka, ka hana shi? Ba shi, Malam. Takarda ce. Geron na nan bayan gida."

Shafi bayan shafi ya ɗauka, yini biyu. Da zai tafi ta ƙulle masa iri kala biyar cikin tsumma, kamar amarya, ta ce a gaya masa ya rataye su inda hayaƙi ke kaiwa.

To, wannan ita ce mujallar da ke aljihuna ran Talatar nan, da na gaji da kallon masu wanki na koma gida. Na same ta a tsakar gida tana sussuka. Na miƙa mata. Ta wanke hannu tukuna. Ta gane jadawalinta nan take, har ta yi murmushi, ta ce sun yi masa layi mai kyau. Sannan ta koma shafin farko, ta sa yatsa tana nema. Ta juya, ta juya, har ƙarshe, inda Dakta Harlow ya yi godiya da ƙananan haruffa.

"Ga Maccido nan. Wanga fa?"

"Amadu. Direbansa."

"Amadu ya shiga littafi!" Ta yi dariya har da tafa hannu. "Amadun da ya ce mini maiwa da gero duk ɗaya ne. To ni ina nike?"

Na nuna mata kalmar. "Ga ki nan. Ya ce Malam Maccido da iyalinsa."

"Iyali. Ni da akuya da kaji ke nan." Ta daina dariya. "Amma ai ka sa sunana a wadda ka aika can farko. Na gani da idona."

"Na sa."

"To su suka cire."

Akwai ɗan lokaci a nan, bai fi na haɗiyar yawu ba, da zan iya faɗin gaskiya. Na ce, "Su ne."

Ta dube ni, ta ga yadda fuskata ta yi, sai ta ɗauka baƙin cikin abin da aka yi mata ne. Ta ajiye mujallar, ta dama mini fura, ta zauna kusa da ni tana cewa kada in sa abin a raina, hawan jini ba ya da kyau ga mai shekaruna. Ita aka yi wa sata, ni ake lallashi. Na shanye furar tas.

Daga nan na shiga yaƙi. Shekara tara ina rubuta wasiƙu, kuma ban taɓa rubuta Turanci mai kyau kamar na waɗannan shekarun ba. Na rubuta wa editan, ya ce ba sa shiga saɓani tsakanin masani da masu ba shi labari. Na rubuta wa Dakta Harlow, wanda ya riga ya zama farfesa a kan geron bayan gidana. Ya amsa da ladabi, ya ce a fahimtarsa ni na tattara bayanan, shi ya ba su ma'ana, kuma ya gaishe da madam da furarta. Na aika musu sabon aiki, na shekara uku da Asabe ta ƙara. Suka mayar, suka ce Farfesa Harlow ya riga ya rufe wannan fage, amma zan iya karanta shi in ƙaru. A duk wasiƙun nan na ce an zalunci matata. Ba inda na ce wa ya fara.

Ita kuwa ta mai da abin wasa. In ta ji ƙarar tafireta, wadda na saya ta hannu don wannan aikin, sai ta leƙo. "Malam, yau wa ake harbi?" In ce farfesa. Ta ce, "A gaishe shi. A tambaye shi ko ya rataye irin a hayaƙi."

Da ruwa ya sake ɗaukewa da wuri a 1984, mata suka riƙa zuwa gidanmu daga Sakajiki, daga Moriki, har daga ƙauyukan bayan Shinkafi, waɗanda suka cinye irinsu saboda yunwa. Ta duba littafi, ta ce wa mace, "Ke ɗiyar Hauwa ce ta Zurmi? Ga na kakarki nan, jan nan." Ta mayar wa kowa nata. Daga shekarar aka fara cewa geron Asabe, ko wane iri ne. Na ce mata to ga suna nan ta samu, wanda ya fi na mujalla.

Ta ci gaba da ƙulle wani tsumma. "Wanga suna na baki ne, Malam. In mu da muka san juna muka mutu, ya tafi. Ina so ɗiyan Kulsumu su buɗe littafi su gani." Kulsumu ita ce 'yarmu tilo, tana aure a Gusau. Sau ɗaya tak Asabe ta faɗi haka, ba ta sake ba. Ni ne ban manta ba.

Wata shekara wani malamin jami'a, Malam Muhtari, ɗan ƙasar nan, ya zo da jaka da na'urar ɗaukar murya. Lokacin ta girma, ta yi Hajji, tana fitowa zaure ta zauna. Ya ce ya zo ne ya tabbatar da binciken Farfesa Harlow.

"Hajiya, Harlow ya ce iri talatin da ɗaya ne."

"Talatin da huɗu ne yanzu, ɗana. Na samo uku a Shinkafi bayan tafiyarsa."

"Amma Harlow ya ce…"

"Tashi mu je bayan gida ka ƙirga."

Ya je, ya ƙirga, talatin da huɗu. Ya dawo yana share gumi. Ya ce ya gani, amma ba zai iya rubutawa ba, don ba a buga ba, kuma masu duba aikinsa a waje za su tambaye shi madogara. Ta tambaye ni mece ce madogara. Na ce mata wanda ya faɗa kafin kai. Ta ce, "To ka rubuta Mero ta Zurmi." Ya yi dariya, ya rubuta talatin da ɗaya. Ban ga laifinsa sosai ba. Yana da ƙarin girma da yake jira, kuma ya san wace ƙofa ake bi.

A 1989 tsohon farfesan ya yi ritaya, wata mace ta zama edita. Ita ce ta farko da ta sa aka tono fayil ɗin. Ta rubuto mini shafi guda. Ta ce ta kwatanta aikin da na aika a 1977 da wanda aka buga a 1980, kuma abin da ta gani bai yi mata daɗi ba. Ta ce a shirye take ta buga gyara. Sai dai akwai abu ɗaya da ya ɗaure mata kai: takardar da ke hannunsu sunana kaɗai ke kanta, ba sunan wata mace ko'ina. Idan matata ce ta yi aikin, to ta rubuto da hannunta, da kowane harshe, ta sa hannu, ni kuma in bayyana dalilin da sunanta bai fito ba tun farko. Ta haɗo da hoton shafin, ko na manta.

Abin da na yi shekara tara ina nema ke nan. Ba abin da ya rage sai in zauna da Asabe in nuna mata shafin nan. Na ninke wasiƙar na sa a cikin wani ƙamus, na ce sai bayan girbi, yanzu hankalinta na gona. Bayan girbi Kulsumu ta haihu, na ce ba a ɓata wa mutum murnar jika. Sai azumi. Sai Salla. Na iya tsara jimla, na tsara wannan ta fi sau ɗari, a kan keke, a masallaci, Allah ya yafe mini. Ba na tsoron faɗanta. Da za ta yi faɗa da na samu sauƙi. Abin da nake tsoro shi ne ta ce "To," ta ci gaba da tsince wake.

Tafireta ta yi shiru a gidan, ta lura.

"Malam, harsashi ya ƙare?"

"Na gaji da su."

"Ba su amsa ba?"

"Ba su amsa ba."

"Bar su. Ka yi iyakar ƙoƙarinka, ni shaida ce. Ba kowace mace ke da mijin da zai yi shekara tara yana faɗa da Ingila saboda ita ba." Ta faɗi wannan a gaban Kulsumu, da alfahari.

Ta kwanta ciwo a watan Agusta na 1991, gero na fid da kai. Kwana shida ne duka. A rana ta shida da hantsi na ciro wasiƙar daga ƙamus, na sa a aljihu, na shiga ɗakinta na zauna a bakin gado. Ta rame, amma idonta na nan yadda yake.

"'Yar Moriki, akwai wata magana."

"In ta Turawanka ce, bari sai na tashi." Ta juya kai wajen taga. "Ba ka jin tsuntsaye? Jan nan na layi na uku ya kusa nuna, za su cinye shi. Je ka kore su, Malam. Kuma kada ka taka na gefen katanga, kai ba ka duba ƙasa in kana tafiya."

Na tashi na tafi, kuma ba zan ɓoye ba, da sauƙi a raina na tafi. Na yi kusan sa'a ɗaya a bayan gida ina kaɗa gwangwani, tsohon malamin Turanci yana ihu a kan tsuntsaye. Ban taka na gefen katanga ba. Da na dawo na tarar da Kulsumu a bakin ƙofa, ta rufe fuska da mayafi.

Bayan arba'in na rubuta wa editar. Wasiƙa ce gajera, ba ado, ita ce mafi muni a Turanci cikin duk waɗanda na rubuta. Na faɗi abin da na yi a ɗakin malamai. Na aika da littafi ɗaya cikin goma sha tara, da shafin nan mai suna biyu da na samu a ƙasan adudu, a naɗe cikin ɗankwali. Ga baƙuwar da ban taɓa gani ba, abin bai ɗauke ni minti ashirin ba.

Editar ta bar aiki kafin a gama. Wanda ya gaje ta ya kafa kwamiti, kwamitin ya tuntuɓi Farfesa Harlow, Farfesa Harlow yana hutu. Gyaran ya fito bayan shekara biyar, a watan da aka ba mu jihar Zamfara, gari na ta kiɗa. Layi uku ne a shafin ƙarshe, ƙarƙashin sanarwar wani taro. Ya ce mujallar na so ta ambaci gudummawar da marigayiya Misis Maccido ta bayar wajen tattara wasu bayanai. Na rubuta musu sunanta sau huɗu a wasiƙata, da manyan haruffa. Sunana suka sa mata.

Kulsumu ta karɓi irin, tana shukawa a Gusau, ta ce talatin suka rage. Ni ina nan da akwatina biyu, gara ta ci rabin ɗaya. Mutane na cewa Malam Maccido ya tsani Turawa saboda abin da suka yi wa matarsa, kuma ina barinsu su faɗa, don rabinsa gaskiya ne.

Sauran rabin nata ne, ita ya kamata ta ji, kuma jimla ɗaya ce: Asabe, ba Bature ne ya fara cire sunanki ba, ni ne, da hannuna, don mutum huɗu sun yi dariya.